Batir Ba Ya Mutuwar Fuju'a

Duk wanda ke zama a majalisar ƙofar masallacinmu bayan la'asar ya san abin da ya faru a azumin 2024 tsakanina da Alhajin nan mai shagon kayan babur na bakin titi. Ba zan kama sunansa ba, don na san ba zai so ba. Amma tunda a gaban jama'a na ci masa fuska, ban ga dalilin da zai sa in tsaya ga ban haƙurin da na yi masa a ɓoye ba. Shi ya sa na roƙi masu wannan mujalla su ba ni fili. Kuma ina fata masu babura a unguwar nan, waɗanda ba su da iyaka, za su tsinci wani abu a ciki.

Ni ba baƙon babur ba ne. Daga Funtuwa na zo Abuja a 2004, da 'yar jakata da lambar wayar wani ɗan garinmu. Shekara biyu na yi ina acaba tsakanin Wuse da Garki da Berger, har zuwa watan Oktoba na 2006, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yana ministan Abuja, aka hana acaba a cikin birni. Wannan doka ce ta koro da yawanmu zuwa wannan yanki na Gwagwa da Karmo da Dei-Dei. Wasu suka koma gida, wasu suka ci gaba da sana'ar a gefen gari, ni kuma na kama sayar da hatsi. Da aka hana acaba a Kano a farkon 2013, mun ga yadda sababbin fuskoki suka cika mana unguwa. Ina faɗin wannan ne don ku san cewa mutumin da ya yi kuskuren da zan ba ku labari yana ganin kansa gwani ne.

Baburan da muka yi acaba da su a wancan zamani batirin ruwa gare su. Jikinsa fari-fari ne, kana hango ruwan daga waje, akwai layi biyu, na sama da na ƙasa. In ruwan ya sauka, ka buɗe murafe shida ka ƙara, shi ke nan. Batir yana gaya maka halin da yake ciki da ido. Da na sayi sabon babur a tsakiyar 2021 don ɗaukar kaya da kai yara makaranta, sai na tarar da wani baƙin akwati a rufe ruf, ba murfi, ba layi. Aka ce mini wannan shi ne marar ruwa, ba ya son komai. Na riƙe wannan magana hannu biyu. Tunda ba ya son komai, ban ƙara waiwayarsa ba.

Shekara biyu cif bai taɓa ba ni kunya ba. Da na taɓa sitata, inji ya amsa. Saboda haka ko da haƙoran kik suka cinye, ƙafar kik ɗin ta koma tana zamewa, sai na ce me zan yi da ita? Na ɗaure ta da roba na ci gaba da harkokina.

Sai ga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Kowa ya san dabarun da muka shiga. Na daina doguwar tafiya zuwa Zuba sai dole. Babur ya koma daga gida zuwa shago, daga shago zuwa masallaci, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. In na hau gangara in kashe inji, in na sauka in sake bugawa. Wani lokaci ya yi kwana huɗu a zaure ban taɓa shi ba. Ga shi na sa an haɗa mini wurin cajin waya da 'yar sifika don jin karatu. Ina ganin tattali nake yi, ashe batir nake ci da ransa. Kowane bugun sitata yana ɗibar wuta mai yawa a lokaci guda, kuma sai inji ya yi tafiya mai ɗan tsawo kafin ya mayar da abin da aka ɗiba. Ni kuwa kullum ɗiba nake, ba na mayarwa.

Alamu sun zo, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu sallama. Da farko hon ya dushe, ya koma kamar kukan ɗan akuya mai mura. Sai sigina ta fara jan jiki, wani lokaci ta kunnu ta tsaya cak ba ta ƙiftawa sai na ba da wuta. Sai sitata ta fara nauyi da asuba, tana juyawa a hankali kamar mai ciwon baya, amma da rana ta yi sai ta ware. Na lura 'yar koriyar fitilar nan ta kan mita tana kusan mutuwa duk lokacin da na danna sitata. Wata rana na buɗe gefen babur na ga wani farin gari kamar kanwa ya taru a kan batir inda ake ɗaura waya, na hure shi da baki na rufe. A watan Disamba, da abin ya fara damuna, wani yaro a bakin hanya ya ce mini ai babur ɗin ne ba ya caji, in canza rektifaya. Bai auna komai ba, ni ma ban ce ya auna ba. Ya kawo guda biyu, na zaɓi mai araha, ya ɗaura, na biya na tafi. Ku riƙe wannan wuri, za mu dawo kansa.

Daren da abin ya faru, cikin sanyin Janairu ne, wajen ƙarfe biyu da rabi. Uwargida ta tashe ni, ta ce, "Malam, abin nan fa ya zo." Haihuwarta ta huɗu ce, kuma tun a awo an gargaɗe mu cewa jininta yana hawa, kada a yarda ta haihu a gida. Na fito da babur ƙofar gida, na danna sitata. Sai na ji "ƙat". Na sake dannawa, "ƙat-ƙat-ƙat", fitilar mita ta ɗauke. Na kwance robar kik na taka, ƙafata ta zame har ƙasa. Na sa giya na tura shi a lungunmu, amma kun san yashin lungun nan, taya ta ja ƙasa kawai, a karo na biyu ni da babur muka kwanta a bakin kwata. Daga cikin ɗaki ina jin nishinta, da muryar maƙwabciyarmu tana cewa, "Sannu, yi ta salati."

Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta wannan dare ba. Na bi ƙofofi ina bugawa ba takalmi. Allah Ya saka wa maƙwabcina mai Keke Napep da alheri, ya fito da gajeren wando bai ko tambaye ni kuɗin mai ba. Mun isa asibitin Kubwa da kusan awa guda a kan lokacin da ya kamata. Allah Ya sauke ta lafiya, aka samu 'ya mace, amma kwana uku aka riƙe ta saboda hawan jinin. Ina zaune a barandar asibiti na yi ta lissafin abin da zai faru da a ce mai Keken nan ya yi tafiya a wannan dare.

Bayan suna aljihu ya bushe. Na je wurin Alhaji, wanda sahu ɗaya muke tsayawa da shi shekara da shekaru, na ce ina son batir amma sai ƙarshen wata. Bai ko buɗe littafi ba. Ya ɗauko, ya ce, "Ɗauka, ƙanena. Allah Ya raya mana amarya." Ya ƙara da cewa in kai babur ɗin wurin mai waya a duba cajinsa kafin in ɗaura. Na ce to. Ban je ba. Na ɗaura da kaina, babur ya tashi bugu ɗaya, na ce magana ta ƙare.

Wata biyu ina jin daɗi. Hon kamar na mota, fitila kamar rana. Sai dai ƙwan sigina ya ƙone, na canza. Na baya ya ƙone, na canza. Bayan sati biyu ya sake ƙonewa, na ce kayan yanzu duk jabu ne. Azumi ya kama a cikin Maris, da irin zafin da kowa ya shaida. Wata rana na dawo daga Zuba da buhu biyu, ina sauka sai na ji wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na buɗe gefe, na taɓa batir, na janye hannu don zafi. Cikinsa ya kumbura ta gefe biyu kamar burodi, har sai da na sa ƙarfe kafin ya fito daga gidansa. Washegari ko hon bai yi ba.

A nan shaiɗan ya samu ƙofa. Na tuna daren Janairu, na tuna ban daɗe da gama biyan kuɗin ba, ga yunwa ga ƙishirwa. Na ɗauki batir a leda na nufi majalisa, na dire shi a gaban Alhaji, a gaban dattawa, na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Don ka ga bashi na karɓa shi ne za ka ba ni jabu?" Wuri ya yi tsit. Ya dubi batirin, ya dube ni, ya ce, "Ina azumi." Can kuma ya ce, "Gobe ka kawo babur ɗin wurin Baba mai waya. In laifin kayana ne, zan ba ka biyu." Ya tashi ya shiga masallaci. Magana zarar bunu ce, kafin a sha ruwa ta zaga unguwa. Na ji da kunnena wani ɗan acaba yana ce wa abokinsa kada ya sayi kaya a shagon.

Washegari na tura babur har rumfar Baba. Ya ɗaura wani batir nasa mai lafiya, ya tayar, ya ɗora wayoyin 'yar mitarsa a kan batir, ja a ja, baƙi a baƙi. Ya ce in ba da wuta. Ina murɗawa lamba tana hawa: 14, 15, 16, har ta wuce. Ya ce, "Isa haka, kada ka dafa mini nawa." Ya zare rektifayar ya juya ta a hannu, ya ce, "Ɗana, wa ya sa maka wannan?" Na yi shiru. Ya ce, "Ko batirin da aka yi a gaban idonka ka ɗaura a nan, ba zai kai Sallah ba."

Ranar na zauna a kan benci Baba ya yi mini karatun da ya kamata in nema tun 2021. Daga baya na ƙara tambayar masu sani, kuma ga abin da na fahimta.

Batirin da muke ce wa marar ruwa yana da ruwa. Asalinsa ɗaya da tsohon, wato farantan dalma a cikin ruwan asid, fasahar da wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859. Ɗakuna shida ne a ciki, kowanne yana ba da bolt 2 da 'yan kai, a haɗa su a samu abin da ake kira 12. Bambancin shi ne a sabon an sa wani abu kamar auduga, na zaren gilashi, ya tsotse ruwan ya riƙe shi a jikin farantan, don haka ba ya zuba. Iskar da ke tashi lokacin caji tana komawa ruwa a cikinsa. Amma in caji ya yi yawa, iskar ta fi ƙarfin wannan tsari, sai wata 'yar ƙofa ta buɗe ta fitar da ita. Abin da ya fita ya fita ke nan, ba hanyar mayarwa. Batir ya bushe, ya yi zafi, ya kumbura. Haka na kashe na biyu. Aikin rektifaya shi ne ta gyara wutar da kwayil ke bayarwa ta kuma tsare ta kada ta wuce kima, tawa kuwa ta saki ƙofa a buɗe. Ƙwayayen da suka yi ta ƙonewa shaida suke ba ni, ni kuma ina zagin masu kaya.

Na farko kuwa yunwa ce ta kashe shi. Duk lokacin da batir ya sauka, wani farin gishiri yana kama jikin farantan. In aka cika shi da wuri, gishirin ya narke. In aka bar shi a sauke kwana da kwanaki, sai ya daskare, ya toshe wurin da wuta ke zama. Irin wannan batir zai iya kunna fitila, amma da ka danna sitata sai ya durƙushe. Zafi ma yana cin rabonsa. Masu yin batir suna auna rayuwarsa ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin kamar digiri 10 a kan haka yana rage ta da kusan rabi. Ku tuna yadda Abuja take a Maris da Afrilu, ga babur a tsakiyar rana, ga zafin inji. Shi ya sa shekara uku zuwa biyar ɗin da ake faɗa a ƙasashen sanyi ba lissafinmu ba ne. A nan, wanda ya samu shekara biyu zuwa uku ya gode wa Allah, ɗan acaba mai bugun sitata sau ɗari a wuni kuwa zai iya samun ƙasa da haka. Zafin bazara ne ke raunana shi, sanyin hunturu ya tona asiri, domin da sanyi ƙarfinsa yana raguwa ga kuma baƙin mai ya yi kauri. Ba banza ba nawa ya zaɓi daren Janairu.

Awon ba shi da wuya, kuma kowane mai waya na kirki yana da mita. In babur ya kwana ba a tayar ba, batir mai lafiya zai nuna 12.6 zuwa 12.8. In ya nuna 12.4 yana son caji. In ya sauka zuwa 12 ko ƙasa, ya galabaita. Lokacin da ake danna sitata, bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 9.5 ba. In inji yana aiki an ba da wuta, abin da ake so shi ne tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka babur ba ya ciyar da batir, sama da 15 dafa shi yake yi. Wannan awo na ƙarshe bai kai minti biyu ba, kuma shi ne Alhaji ya ce in yi ban yi ba.

Baba ya ƙara mini da wasu abubuwa. Kada a riƙe sitata fiye da daƙiƙa biyar, a saki a ɗan huta kafin a sake. Da safe a fara da kik, a bar wa sitata sauran wuni. A riƙa duba ƙusoshin kan batir, domin wani lokaci "ƙat-ƙat" ɗin nan sakin ƙusa ne ko datti kawai. In za a kai caji, a yi shi a hankali da ƙaramar caja, kada a jona shi a babbar cajar batirin mota don a gama da wuri. Kada a ɓalle murfinsa a ɗura masa ruwa. In irin wanda ke zuwa da kwalbar asid ɗinsa daban ne, a zuba a gabanka, a bar shi ya sha kamar rabin awa ko fiye, a yi masa caji kafin a ɗaura. In kuwa a cike ya zo, a auna shi a shago, don wanda ya daɗe a kan kanta yana sauka da kansa. Wanda ya kumbura kuma, ba caji ba lallashi, a cire shi.

Akwai wani abu da na ga ya zama dole in faɗa wa iyaye mata musamman. Tsohon batirina na farko yana nan a tsakar gida, har na tarar da ɗana ɗan shekara huɗu yana bubbuga shi da dutse. Dalma guba ce, kuma yara ta fi yi wa illa. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. A Senegal kuwa, a wata unguwa da ke gefen Dakar mai suna Thiaroye-sur-Mer, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura da ake yi a gidaje don a ciro dalma a sayar. Kada a fasa shi a gida, kada a ƙona, kada a jefa a kwata. A mayar wa mai shago ko mai saye yana rufe yadda yake.

Saura maganar Alhaji. Kwana biyu ina kewaye shagonsa ta bayan layi. A dare na uku, bayan tarawihi, na same shi yana rufe ƙofa. Na ce, "Alhaji, na zo ne in ba ka haƙuri. Laifina ne." Ya yi murmushi, ya ce Baba ya riga ya gaya masa. Ya ce, "Ban ji zafin batir ba, ƙanena. Abin da ya taɓa ni shi ne maganar bashi." Ban samu abin cewa ba. Ya sake buɗe ƙofar, ya ɗauko rektifaya mai kyau da wani batir, ya ce wannan karon sai a rumfar Baba za a ɗaura, kuma sai an gyara kik. Na ce kuɗin fa? Ya ce bayan Sallah.

Na sha tunani a kan yadda abin ya kasance. Hon ya yi mini magana, sigina ta yi, sitata ta yi wata da watanni, ban saurara ba. Mutum ya ba ni shawarar minti biyu, ban ɗauka ba. Amma da abu ya ɓaci, ban ɗauki ko awa guda ba kafin in samo wanda zan ɗora wa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Mu da muke zaune a garin da ba namu ba, ba mu da wani jari da ya wuce yardar da ke tsakaninmu: mai shagon da zai ba ka kaya ba takarda, da maƙwabcin da zai fito maka ƙarfe uku na dare. Kalma ɗaya a majalisa tana iya rushe wa mutum abin da ya yi shekara ashirin yana ginawa.

Don haka ga wanda ya ji ni a ranar, ko aka kai masa labari: kayan Alhaji lafiyarsu ƙalau. Batirin da ya ba ni daga baya yana nan yana aiki. Duk farkon wata nakan biya ta rumfar Baba ya ɗora mita, in sai masa goro. Kik ɗina kuma ya gyaru. Wanda matarsa ke da tsohon ciki, ko yake da tsoho marar lafiya a gida, in ya ji hon ɗinsa ya fara dushewa, don Allah kada ya jira dare.